Inshorar mota ta biya ni bayan haɗari a Abuja, amma akwai gyara

Na daɗe ina biyan cikakkiyar inshora a kan motata, wato wadda ke biyan gyaran motar mai ita da kuma ta wanda ya buga, kuma duk shekara idan zan fitar da kuɗin sai na ji su har cikin raina. Bana ne na ga amfaninta, bayan wata bas ta buge ni ta baya a titin Kubwa da yamma, lokacin da go-silo ya tsayar da mu. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni. But ɗin motar ya lotsa, bamba ta tsage, fitilun baya duka biyu suka tarwatse. Kamfanin ya biya, wannan ba zan ɓoye ba. Amma akwai abubuwan da ya kamata duk mai mota ya sani tun kafin ranar ta zo masa.

Direban bas ɗin ya sauko yana cewa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, mu sasanta a nan, ba sai an kira hukuma ba." Na tausaya masa ƙwarai, amma a takardar yarjejeniyata an rubuta cewa kada in amsa laifi, kada kuma in yi sulhu da kowa ba da sanin kamfani ba. Dalilin shi ne, idan sun biya ka, suna da ikon bin wanda ya yi ɓarnar su karɓi kuɗinsu, to idan ka riga ka yafe a bakin titi ka toshe musu wannan hanya. Na ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin, har da lambar bas ɗin da lasisin direban, sannan muka wuce ofishin 'yan sanda aka rubuta rahoto.

A can ne abin da ya fi damuna ya fito. Direban ya miƙo takardar inshorarsa, a linke cikin leda, da hatimi da komai. Aka saka lambar motar a rumbun bayanan NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa ke kula da shi, babu ita babu dalilinta. Wani ɗan kamasho ne ya haɗa masa ita tare da takardun mota. Mutumin ya yi shiru yana kallon takardar, don shi har ga Allah ya ɗauka yana da kariya. Tun daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasa, ta mayar da kuɗin inshorar tilas (wadda doka ta wajabta wa kowane mai mota) ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, motocin haya kuwa nasu kuɗin ya fi haka. Da tasa ta gaske ce, da kamfaninsa ne zai ɗauki nauyin gyaran da ya jawo. 'Yan sanda sun fara matsa wa direbobi a kan wannan takarda tun Fabrairun 2025, sai mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin abin nuna wa jami'i a shingen bincike kawai. Alhali haƙƙi ce da aka saya da kuɗi. A tuna kuma, ita inshorar tilas ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take gyarawa.

Ɓangaren kamfanina ya fara da kyau. Na kira su a daren, washegari suka turo fom ta waya, suka nemi rahoton 'yan sanda, lasisina, takardun mota, hotuna da kiyasin kuɗin gyara. Fanel bita na da ke Apo ya rubuta kiyasin. Injiniyansu ya zo har garejin, ya zagaya motar da tocilar waya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen but ɗin. Mutum ne mai ladabi kuma ya san aikinsa. Sai dai ya soke sabon but, ya ce a buga na jikin a daidaita. Mai gyaran ya ce masa, "Oga, wannan ko an buga, ruwa zai riƙa shiga da damina." Sai da aka buɗe aka nuna masa inda ƙarfen ya karye kafin ya yarda.

Inda ba su kyauta ba shi ne wajen lissafi. Kuɗin da suka amince da shi bai kai kiyasin ba, saboda cire-cire guda biyu. Na farko, akwai kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane haɗari. Na biyu, tunda za a sa sabbin fitilu a madadin waɗanda suka tsufa, sai suka ce in biya wani ɓangare na bambancin. Duka biyun suna cikin yarjejeniya, ban ce sun yi zamba ba. Amma wakilin da ya sayar mini da inshorar bai taɓa buɗe baki ya ambace su ba. Cikakkiyar inshora ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato mai motar miliyan 8 zai biya aƙalla 400,000 a shekara. Wanda ke fitar da irin wannan kuɗi ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayani dalla-dalla, da Hausa in ita ya fi ji. Ga kuma jira. Bayan na sa hannu a takardar amincewa da adadin, sai na yi ta kira ana ce mini fayil yana sashen kuɗi, ni kuwa ina hawan haya daga Kubwa zuwa wurin aiki. Ranar da na rubuta musu cewa zan kai ƙorafi ofishin NAICOM da ke Garki, a makon kuɗin suka shigo.

Wasu abokaina suna gudun inshora saboda shakku a kan halaccinta. Ina girmama wannan, kuma akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke yin ta mota bisa tsarin taimakon juna, ya kamata a bincike su.

Da lokacin sabuntawa ya yi na ci gaba da kamfanin, domin sun biya kuma motar ta dawo yadda take. Amma sai da na sa suka rubuta mini adadin kason da zan ɗauka da wa'adin sanar da haɗari a shafi guda, na kuma duba lambar motata a NIID kafin in bar ofishin.