Gargaɗi: a yi hattara da masu cuta a kaurin kwanon rufi

Akwai wata damfara a harkar rufin gida da ke cin mutane ba tare da sun farga ba sai bayan damina ɗaya ko biyu. Ɗan kwangila zai nuna maka samfurin kwano mai kauri, ku yi ciniki a kan alminiyon mai kaurin milimita 0.55, ranar kawo kaya kuma a sauke maka 0.45 ko 0.35. Fenti iri ɗaya ne, ido ba ya bambancewa. Da zarar kwano ya hau sama, magana ta ƙare, domin ba mai sauke rufi don a gwada.

Siririn kwano yana lotsawa idan kafinta ya taka shi, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin. Idan iska mai ƙarfi ta taso, ramin ƙusa yana yagewa, daga nan yoyo ya fara, silin ya jiƙe, katako ya ruɓe.

Saboda haka a gwada kaya tun suna ƙasa. Rubutun da ke jikin kwano ko rasit ba shaida ba ne. A auna da maikiromita, wato ƙaramar na'urar auna kauri, a wurare uku, a ɗan nesa da baki, kuma a ciro fallen daga tsakiyar tari, don sau da yawa na sama ne kaɗai mai kyau. A tuna fenti yana ƙara kauri kaɗan. Idan babu wannan ma'auni, sikeli ya wadatar: a yanko shimfiɗaɗɗen guntu mai santimita 50 tsawo da 50 faɗi. Alminiyon 0.55 zai kai wajen giram 370, na 0.45 wajen 300, na 0.35 kuwa wajen 235. A kuma kara maganaɗisu. Alminiyon ba ya kama shi; in ya manne, ƙarfe ne aka fente, kuma tsatsa za ta fara cinsa daga inda aka yanka ko aka huda.

Cutar ba ta tsaya a kwano ba. Wasu suna shafa wa katako baƙin mai ko ruwa mai launi su ce an sa masa maganin gara. Wasu kuma ɗanyen katako suke kawowa, in ya bushe ya motse, ƙusoshi su saki. A wajen ɗorawa ma ana satar tsawo: inda falle ya hau kan falle daga sama zuwa ƙasa, kada haɗin ya gaza santimita 15, in rufin ba shi da gangara sosai a kai 20. A kwano mai tudu da kwari, ƙusa a kan tudu take zama, da robarta a ƙarƙashin kai, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Wanda kuma ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya hango rufinka ya lalace, yana da ragowar kaya, a biya yau, kada a bari ya hau shi kaɗai. A rubuta kauri, adadin falle da irin katako a takardar yarjejeniya, a ba da kafin alƙalami daidai kuɗin kayan da aka gwada, cikon kuma sai an kwarara ruwa a kan rufin an leƙa cikin silin an ga babu ɗigo.