Rautar 5G ko ta 4G mai eriyar waje: wacce za ta yi maka maganin waifai?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce rautarka ta 4G mai layi, wadda ke falo a ƙarƙashin talabijin, tana yin sanyi daga bayan magariba har wajen sha ɗayan dare, ba ta kaiwa ɗakin uwargida da ke can baya, wani lokacin kuma ta mutu ta tashi da kanta. Kana neman a kwatanta maka sayen rautar 5G da sayen wata 4G ɗin da za a haɗa wa eriya a waje.

Ciwo uku ka lissafa, kowanne da tushensa. Intanet ɗin gidanka zango biyu yake yi: daga ƙarfen sabis zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa waya. Sandunan waifai da ke saman wayarka labarin zango na biyu kaɗai suke ba ka, shi ya sa za ka gan su cike amma hoto ya ƙi buɗewa a WhatsApp. Zaɓin nan biyu da kake aunawa duk a zango na farko suke aiki.

Mu fara da sanyin dare, domin a nan suka fi bambanta. Juya rautar, a ƙasanta akwai takarda mai adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ka shiga ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. Na farkon ƙarfin siginar da ke isowa ne: daga -80 zuwa -90 lafiya lau, idan ya kai -110 ko ya zarce zuwa irin su -115, da ƙyar rautar ke jin ƙarfen. Na biyun tsabtar siginar ne: sama da 10 ya yi, kusa da sifili akwai hayaniya da yawa. Ka duba da safe, ka sake dubawa bayan isha'i.

Idan RSRP ya yi muni dare da rana, eriyar waje ce abokiyarka. Bulo da rodin rufin kankare da kwanon rufi suna cinye sigina sosai, eriya kuma tana tsallake su gaba ɗaya, ta fuskanci ƙarfen ido da ido. Amma idan RSRP yana da kyau kuma duk da haka gudu na faɗuwa da dare, to cunkoso ne: lokacin ne kowa a unguwa ya dawo gida ya hau TikTok da YouTube, ƙarfe ɗaya ake rabawa. Famfon unguwa ne da layi ya yi tsawo, sayen babban bokiti ba ya ƙara ruwan da ke zubowa. Sai dai in eriyar mai fuskantar wuri guda ce, aka juya ta zuwa wani ƙarfen da mutane ba su yi yawa a kansa ba; hakan na yiwuwa, amma sa'a ce.

A wurin cunkoso 5G ta fi. A gwanjon da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi a Disambar 2021, kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya samu faɗin 100MHz a zangon 3.5GHz, wanda ya ninka abin da tashar 4G guda ke amfani da shi, wato 20MHz, har sau biyar. Ga faɗi, ga ƙarancin masu hawa. MTN ya fara a 2022 da birane bakwai, har da Kano da Maiduguri da Abuja, Airtel ya biyo baya a 2023. To amma a ce akwai 5G a Kano daban, a ce akwai ta a unguwarku daban. Siginar 3.5GHz ba ta da dogon zango kuma ba ta iya ratsa bango kamar ta 800MHz da ake amfani da ita a 4G. Inda babu ita, rautar 5G komawa 4G take yi shiru ba tare da ta gaya maka ba, ka ga ka biya kuɗi mai yawa ka koma kan ƙarfen da ka gudu. Kafin ka fitar da ko naira, ka ari waya mai 5G da layin kamfanin da kake so, ka tsaya a bakin tagar da za ka ajiye rautar, da dare, ka gani ko alamar 5G za ta zauna ko za ta riƙa zuwa tana ɓacewa. Gwajin da mai shago zai yi maka a kasuwar waya ta Farm Centre labarin Farm Centre yake bayarwa.

Akwai wani bambanci da mutane ba sa lura da shi sai sun kai gida. Rautar da kamfanin layi ke sayarwa ta fi araha, amma galibi a kulle take, layinsu kaɗai take ci. Ta 4G da ake sayarwa a kasuwa kuwa akwai buɗaɗɗiya, kuma ni a wurina wannan ya fi eriyar kanta daraja, domin maganin cunkoso mafi sauƙi shi ne canza layi zuwa kamfanin da ƙarfensa ke da sarari a unguwarku. In ita za ka saya, ka tabbatar tana da ramukan eriya biyu a baya, irin SMA ko TS9, don da yawa ba su da su. Kebul ɗin eriya kuma kada ya yi tsawo, domin kowace mita tana rage abin da eriyar ta kamo. Gara a matso da rautar kusa da ita.

Ta fuskar data, 5G ta fi ci, ba don tana sata ba. Da YouTube ya ga hanya a buɗe sai ya ɗaga ingancin hoto da kansa, wayoyin gida su shiga sabunta manhajoji. Tsarin da ake cewa ba iyaka ma yawanci yana da ma'aunin da in ka wuce shi za a rage maka gudu, ka karanta ƙananan rubutun. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ba abin wasa ba ne.

Batun ɗakin uwargida kuwa, kunnen doki suka yi, babu wadda za ta warware shi. Kada 5GHz da ke jikin kwali ta ruɗe ka, wannan tashar waifai ce ta cikin gida, ba ruwanta da 5G. Ta fi 2.4GHz gudu, amma bango biyu na bulo sun isa su kashe ta, don haka ɗakin baya 2.4GHz ce tasa. Fara da ciro rautar daga ƙarƙashin talabijin, wurin nan ya haɗa duk abin da waifai ba ya so: ƙasa-ƙasa, cikin kabad, kusa da ƙarfe da wayoyi. A ɗaga ta sama da kai a fili. In maƙwabta ma suna da nasu, ka gwada tasha 1 ko 6 ko 11 a saitin 2.4GHz na rautar, su ne ba sa hawa kan juna. In duk bai isa ba, a ja kebul na Cat6, wanda ke kaiwa mita 100 ba tare da raguwa ba, zuwa wata rautar a ɓangaren baya. Tsohuwar taka ma za ta iya wannan aikin in tana da ramin LAN da ake soka kebul ɗin, a kashe mata DHCP kawai, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi. Ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket don ta maimaita sigina ban cika ba da shawararta ba, mai arha daga cikinsu tana raba gudu biyu, kuma sai an sa ta a inda sigina ke da kyau tukuna take da abin maimaitawa.

Tunda ka shiga shafin rautar, leƙa jerin na'urorin da ke kai. Wayoyin Android na yanzu suna raba kalmar sirri ta hoton QR, yaro ɗaya ya isa ya ba duk abokansa na layi.

Mutuwa da tashi da kanta, wuta ce ko zafi a mafi yawan lokuta. Yawancin rautoci 12V suke ci, kuma cajarsu ce ke fara gajiya da hawa da saukar wuta da sauyi tsakanin janareta da inbata. Sabuwar caja mai bolt iri ɗaya, amfiya daidai ko sama da na tsohuwar, tare da ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, sun fi sabuwar rauta araha nesa ba kusa ba. A nan ma 4G ta ɗan fi: rautar 5G ta fi jan wuta kuma ta fi ɗaukar zafi, ga watan Afrilu da ake wuce digiri 40, iyakar da aka rubuta wa da yawa daga cikin na'urorin nan.

Na san wani zai ce Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam. Ta shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma gaskiya ba ruwanta da ƙarfen unguwa, amma tana son sarari a sama, ta fi su duka jan wuta da kuɗin wata, ɗakin baya kuma yana nan yadda yake sai an ja kebul.

Da ni ne, caja da canza wuri zan fara yi a wannan makon, in ari layin wani kamfani in gwada shi a waya da dare. Sai 5G ta zauna daram a tagarka sannan ta cancanci kuɗinta. In tana rawa, buɗaɗɗiyar 4G mai ramukan eriya ta fi maka. Turo lambobin RSRP da SINR na safe da na dare, da sunan samfurin da ke ƙasan rautar, mu gani ko tana ma karɓar eriya.