Binciken kimiyya ko aikin bayan makaranta: me za a zaɓa wa yaro mai neman jami'a a Amurka?

Jami'o'in Amurka ba sa tsayawa kan sakamakon jarrabawa kawai. Fom ɗin Common App, wanda ɗaruruwansu ke karɓa, yana da gurbi 10 inda yaro zai faɗi abin da yake yi da lokacinsa in ya tashi daga aji. A nan hankalin iyaye ke rabuwa: a biya kuɗi ya yi bincike da wani malamin jami'a, ko a bar shi da aikin da yake taɓawa? Shi kansa binciken iri biyu ne, kuma kafin a zare ko kwabo ya kamata a san bambancinsu.

Akwai na kyauta, wanda sai an tankaɗe an rairaye ake ɗaukar yaro. Research Science Institute da ake yi a MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, misali ne: mako shida a lokacin dogon hutu, ɗalibai wajen 100, ba a biyan komai. Wanda ya samu irin wannan, musamman mai son injiniya ko kimiyya, ya karɓa hannu bibbiyu. Sai dai shigarsa ba ta fi shiga jami'ar sauƙi ba.

Na biyun shi ne na kuɗi, kuma a nan nake cewa a yi taka-tsantsan. A 2023 kafar ProPublica ta bankaɗo yadda wasu kamfanoni ke karɓar dubban daloli su haɗa ɗan sakandare da malami ko ɗalibin digiri na uku ta intanet, bayan 'yan watanni a buga masa takarda, wani lokacin ma a mujallar da ke da alaƙa da kamfanin. Ba duka ne na bogi ba, akwai yaran da ke koyon abu na gaske. Amma kafin ka biya, tambayi waye zai duba aikin, sau nawa za su zauna da yaron, wa ya mallaki mujallar, kuma ko malamin zai yarda ya rubuta wasiƙar shaida da sunansa. In aka fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Masu tantance takardun neman shiga jami'a sun ga irin wannan har sun gaji, kuma yaron da aka tambaya me ya gano ya hau inda-inda ya ɓata rawarsa da tsalle.

Aikin bayan makaranta kuwa shi ke kawo kuɗi gida. A Amurka, mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, jihohi da yawa sun zarce haka, kuma doka ta taƙaita ɗan shekara 14 ko 15 ga awa 18 a makon da ake karatu. Common App na da rukunin aikin albashi, yana kuma da na hidimar iyali, wato renon ƙanne ko jinyar kaka duk abin rubutawa ne. Yaron da ke nema daga Kano yana tsaron shagon babansa a Kantin Kwari bai rasa abin faɗa ba.

To, ana adalci tsakanin mai bincike da mai aiki? A ganina ba sosai ba. Jami'ar Pennsylvania ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta ɗauka a 2022 sun yi bincike tun suna sakandare. Nazarin masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa na 2023 kuma ya nuna 'ya'yan attajiran da ke saman kashi 1 cikin 100 sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen shiga manyan jami'o'i masu zaman kansu, ko da makinsu na SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, ɗaya ne. Cikin dalilan har da makin da ake ba ayyukan wajen aji. Ɗan farfesa ɗakin gwaji na bakin ƙofarsa, ɗan direban tasi kuwa sai ya yi da gaske.

Duk da haka, yawanci ba aikin ke kayar da yaro ba, yadda ya rubuta shi ne. Haruffa 150 kacal ake bayarwa don bayanin aikin a kowane gurbi na fom ɗin. Wani zai sa “ina taya babana a shago” ya wuce. Wani kuma zai ce shi ke riƙe littafin bashi, shi ke ƙirga kaya duk Asabar, awa 15 a mako tsawon shekara uku. Na biyun ya nuna amana da juriya, ya kuma bayyana dalilin da ya hana shi shiga ƙungiyoyin makaranta.

Shawarata ita ce a nemi binciken na kyauta in yaro na son kimiyya da gaske, ko ya yi ɗan ƙaramin aiki da malamin makarantarsu. In gida na buƙatar kuɗin da yake kawowa, kada a cire shi daga aiki don a burge wata jami'a. Na kuɗin ya zo a ƙarshe, shi ma sai in ba bashi za a ci ba. Masu nema daga Najeriya suna iya zuwa ofishin EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, a Abuja ko Legas su nemi shawara kafin su miƙa wa kowane kamfani dala ɗaya.