Gargaɗi ga amare: mai hoton tsohon fim ɗin Indiya a Instagram ɗan damfara ne

Jama'a don Allah a yi hattara, musamman masu shirin firi-wedin, wato hotunan ango da amarya na kafin biki. Akwai wani shafi a Instagram da yake tallan wai yana ɗaukan hoto irin na finafinan Indiya na shekarun 1960 da 1970, irin waɗanda iyayenmu suka kalla a silimar Plaza da El Dorado a Kano. Baƙi da fari, amarya da sari da kwalli mai wutsiya, ango da wando mai faɗin ƙafa ya jingina da tsohuwar mota, haske ta gefe ɗaya rabin fuska cikin inuwa. Wallahi hotunan sun haɗu, amma ko ɗaya ba nashi ba ne.

Ƙanwata ya cuta. Ya ce mata kayan sawa da mai kwalliya da motar duk a wajenshi ne, ta tura rabin kuɗi kafin alƙalami ya riƙe mata rana, ta tura, ranar ta sha lalle ita da angon suka nufi adireshin da ya bayar ashe shagon ɗinki ne, telan ma ya ce ba su ne na farko da suka zo nemanshi ba. Kafin su koma gida ya yi bulokin ɗinta.

Da muka sa hotunan a Google Lens, manhajar da ake bincika inda hoto ya fito, sai ga su a shafukan masu hoto na Indiya, ya yanke sunansu ya liƙa nashi. Kwament a kulle, sunan akawun ɗin banki daban da na shafin. Kuma in kika danna ɗigo ukun nan na saman shafi, bayanin akawun zai nuna miki yaushe aka buɗe shi da sau nawa aka canza mishi suna, nashi ya sha canji.

Irin wannan hoton aikin fitila ne ba filta ba, mai yi da gaske yana da sutudiyo da fitilu manya, ba zai ƙi ki je ki gani ko ya nuna miki ta kiran bidiyo ba. Wanda ya ce sai kin tura tukun, ki rabu da shi kawai.

In kin riga kin tura, ki kira bankinki nan take, ki adana rasit da sikirinshot ɗin hirarku ki kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. Yanzu haka ya sake canza suna, amma hotunan su ne dai, don Allah ku tura wa duk wacce bikinta ya matso.