Sikanin jijiyar wuya a wata cibiyar hoto a Sakkwato: aikin ya yi, takardar ce da saura

Cibiyar ta kuɗi ce a cikin garin Sakkwato, kuma tana yin sikanin Doppler, wato hoton da ke auna gudun jini da igiyar sauti, na manyan jijiyoyin wuya biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Abin da ake nema shi ne daskararren kitse da ya matse hanyar jini, galibi a ƙasan muƙamuƙi, inda jijiyar ta rabu biyu. Daga nan ɓarɓashi ko gudan jini kan ɓalle ya toshe wata jijiya a kai, sai ɓarin jiki ya shanye.

Ba allura, ba a hana cin abinci, minti 20 zuwa 30 an gama. Za a kwantar da mutum rigingine, a ɗaga haɓa, a juya fuska gefe. A zo da riga mai faɗin wuya. Rawani da sarƙa sai an cire, hijabi ma haka, don haka mace ta shiga da 'yar rakiyarta.

Ta fuskar aiki ba mu da ƙorafi. Da kan na'ura mai shimfiɗaɗɗen baki suke dubawa, ba mai lanƙwasa na awon ciki ba. Suna bin ɓangarorin biyu tun daga gindin wuya, kuma ba sa barin kusurwar awo, wato wadda ke tsakanin igiyar sautin na'urar da hanyar jinin, ta wuce digiri 60, domin da ta wuce lissafin gudun jinin ya lalace. Suna kuma ƙwanƙwasa jijiyar gaban kunne da yatsa don bambance reshen da ke zuwa fuska da wanda ke shiga ƙwaƙwalwa. Mai gaggawa kan rikita su, ya auna lafiyayyen reshe ya sallami mai ciwo.

Takardar sakamakon ce matsalar. Sai ka ga an rubuta "akwai 'yar matsewa" kawai, ba lamba. Likita lamba yake so. A ma'aunin da ƙwararru suka amince da shi a 2003, gudun jini ƙasa da santimita 125 a daƙiƙa na nufin matsewar ba ta kai kashi 50 cikin 100 ba. 125 zuwa 230 kashi 50 zuwa 69 ke nan. Sama da 230 kuwa ta kai 70 ko fiye. A nemi su rubuta wannan ga kowane gefe. Su kuma faɗa idan kitsen ya ƙandare ya yi inuwa, don yana ɓoye abin da ke bayansa. Jijiyar da ta kusa toshewa gaba ɗaya gudunta na iya raguwa, a nan sai an haɗa da hoton CT mai allura.

Wanda ya fi buƙatar gwajin shi ne wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko ido ɗaya ya yi duhu na 'yan mintoci sannan ya washe. Kada ya ce ai ya wuce. Wani babban binciken likitoci na Arewacin Amurka mai suna NASCET, na 1991, ya nuna masu irin wannan alama da matsewar kashi 70 zuwa 99: kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka bari kan magani kaɗai sun samu shanyewar jiki cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyatar cire kitsen daga jijiyar kashi 9. Tiyatar ta fi amfani cikin mako biyu na farko.

Tallan da suke yi wa masu lafiya ƙalau su zo a duba su, wannan ba mu goyi baya ba. Kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka ya sake cewa a 2021 kada a riƙa yi wa marasa alama, saboda sakamakon ƙarya kan kai mutum ga tiyatar da ba ya buƙata. Kuma wuya ya fito fes ba ya nufin an tsira: hawan jini ne kan gaba wajen shanye mutane a ƙasar nan, ko ta fashewar jijiya ko toshewar ƙananan jijiyoyin cikin kai, waɗanda wannan na'ura ba ta gani. Kada a ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda takardar.

Iyayen yara masu sikila su lura: nasu Doppler daban ne, ta gefen kai ake yin sa, a tambaya tun kafin a biya kuɗi.