Intanet ɗin salula da wayoyi masu maɓallai a Damagaram: abin da suka iya da abin da suka kasa

Aikina na rubuta lissafi da bin farashin wake da riɗi tsakanin Damagaram da kasuwar Dawanau ta Kano shi ne ya sa na fara sayen intanet a salula tun lokacin da mafi yawan mutanen garin nan ba su san waya da wani amfani ba sai kira, da tura saƙo, da haska hanya da dare. Na yi aiki da layin kamfani guda na tsawon shekaru, na ɗora shi a kan Nokia E71, daga baya na gwada shi a kan BlackBerry Curve 8520, kuma hukuncin da na yanke shi ne cewa intanet ɗin ba ya da sauri ko kaɗan, amma ya biya buƙatar ɗan kasuwa matuƙar an haɗa shi da wayar da aka ƙera domin rubutu, mai tattalin batir da tattalin kiredi. Inda aka samu matsala, ba a turken sadarwa ta fi yawa ba. Ta fi yawa a yadda kamfanin yake ma'amala da mai saye.

Kafin wannan lokaci, duk mai son aika imel sai ya tafi shagon intanet ya biya kuɗin awa, ya zauna yana jiran shafi ya buɗe, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, abin da ya rubuta ya tafi ke nan. Salula ta shigo ƙasar Nijar sosai ne da Celtel a 2001, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. A lokacin akwai Telecel da ya zama Moov, akwai SahelCom na gwamnati, sai Orange da ya buɗe a 2008, wanda daga baya ya koma Zamani. Layin da na riƙe na ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ne, kuma abin da ya fara ja na gare shi shi ne rezonsa, wato sabis ɗinsa, yana kamawa a hanyoyin da muke bi da kaya.

Duk wanda ya yi amfani da intanet a waya a wancan zamani ya san ƙananan haruffan nan biyu da suke fitowa a saman fuskar waya, wato G da E. Harafin G yana nufin GPRS, wanda a aikace bai cika wuce kilobit 40 a daƙiƙa ba, harafin E kuwa yana nufin EDGE, wanda a kan takarda yakan kai kilobit 236 a irin wayoyin da muke riƙewa, ko da yake ban taɓa ganin ya kusanci hakan a cikin gari da rana ba. Idan aka yi lissafi da kilobit 40, hoto mai nauyin kilobait 100 zai ɗauki daƙiƙa 20 kafin ya sauka, megabait guda kuwa zai haura minti uku. Dalilin jinkirin yana cikin tsarin kansa: kowace tashar rediyo da ke kan turken an raba ta gida takwas, kira da intanet suna cin moriyar gidajen nan tare, kuma kira ake fara ba wa hanya. Wannan ne ya sa ranar Alhamis, da Kasuwar Dole ta cika, ko bayan sallar isha'i da kowa yake kiran ƴan'uwansa, intanet yakan koma tamkar famfon unguwa a tsakiyar bazara, wanda sai mai sammako yake cika tulunsa. Da na gane haka, sai na mayar da saukar da saƙonni masu nauyi zuwa bayan sallar asuba, kuma a wannan lokaci layin bai cika ba ni kunya ba.

Ta fuskar faɗin rezo, dole in yaba. A Zango da Sabon Gari harafin E yana nan daram, a cikin Birni kuwa katangun ƙasa masu kauri sukan rage ƙarfinsa, sai mutum ya fito zaure ko ƙofar gida. A hanyar Mirriya, da hanyar Takeita, da wadda ta gangara Matamaye, saƙo yana fita ko da harafin ya koma G. Arewa ce, wajen Tanut, inda rezo yakan ɓace na dogon zango tsakanin ƙauyuka. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne saƙon da bai fita ba yakan jira a cikin waya, da zarar mota ta shiga inda rezo yake sai ya tafi da kansa, ba sai na sake rubuta shi ba.

Nokia E71 ta fito a 2008, kuma a cikin wayoyin da ake kira ƙananan kwamfutocin hannu ban riƙe wadda ta dace da garinmu kamarta ba. Kaurinta milimita 10 ne, murfin bayanta ƙarfe ne, tana da cikakkun maɓallan haruffa a ƙarƙashin ƙaramar fuska mai faɗi, kuma ana iya karanta rubutun da ke kanta a tsakiyar rana ba tare da an kare ta da tafin hannu ba. Batirinta, mai lamba BP-4L da ƙarfin 1500 mAh, shi ne babban abin alfaharinta, domin yakan kwana biyu yana aiki ko da ana duba imel akai-akai, kuma a watannin zafi da wuta take yawan ɗaukewa wannan ya fi kowace ƙawa daraja. Da yake wasu wayoyin Nokia irin su E63 da E72 suna amfani da batiri iri ɗaya, samun na canji bai yi wuya ba a wurin masu gyara. Tana buɗe takardun Word da Excel, wanda ya ba ni damar duba jadawalin buhuna da kuɗin dako ina tsaye a bakin sito, tana da rediyon FM, tana kuma da Wi-Fi duk da cewa wuraren da ake samunsa a lokacin ba su da yawa. Abu guda da mai saye ya kamata ya sani tun farko shi ne ba ta caji ta igiyar USB, sai da cajarta mai siririn baki, saboda haka duk tafiya sai an tuna da ita.

Abin da ya sa wannan waya ta zauna lafiya da layin mai jinkiri shi ne manhajar Opera Mini. Idan mutum ya nemi shafi, ba wayar ce take ɗauko shi kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne suke ɗauko shi, su matse shi har ya ragu ƙwarai, sannan su turo shi. Idan kuma aka kashe hotuna, shafin labarai na BBC Hausa ko na Muryar Amurka yakan buɗe cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma kiredin jaka guda yakan daɗe. Haka ma imel: na saita wayar ta riƙa sauko da kan saƙo kawai, in ga wanda ya aiko da abin da ya shafa, sannan in zaɓi wanda zan buɗe. Na kuma haɗa ta da kwamfuta ta igiya domin ta zama hanyar shiga intanet, kuma ta yi aikin, sai dai kwamfuta ba ta san tattali ba, tana iya cinye kiredin mako a zama ɗaya, don haka ban ba kowa shawarar yin hakan ba sai da larura.

Maɓallan wayoyin nan suna da nasu labarin. Waɗanda suka shigo ta Kano tsarin Ingilishi gare su, waɗanda aka kawo daga Faransa tsarin Faransanci, na Dubai kuma da yawansu suna ɗauke da haruffan Larabci a gefen na boko, abin da ya sa wasu malamai suka fi neman su. Babu ko ɗaya da ta tanadi ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Wanda ya yi dabara ya saka irin waɗannan haruffa a gajeren saƙo yakan tarar an rage masa adadin haruffan saƙo guda daga 160 zuwa 70, a biya kuɗin saƙo biyu ko uku a kan magana ɗaya, sannan a wayar wanda aka aika wa su fito a matsayin ƴan akwatuna. Wannan ya dame ni matuƙa, domin a nan ne mutane da yawa suka saba rubuta Hausa babu lanƙwasa, kuma har yau da wayoyi suka iya, sabon bai bar hannunsu ba.

BlackBerry Curve 8520, wadda ta fito a 2009, ta zo da wani tsari dabam. Ba ta da 3G, tsarin da ya fi EDGE sauri, EDGE da Wi-Fi kawai gare ta, amma duk saƙonninta suna bi ta manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, Research In Motion na ƙasar Kanada, inda ake matse su kafin su iso, kuma imel yakan faɗo da kansa ba sai an je an duba ba. Domin samun wannan, sai an sayi forfe, wato ƙunshin intanet mai ƙayyadadden kuɗi, na musamman a wurin kamfanin layi, yawanci na wata, kuma a nan ne na ga layin ya fi yin kyau, saboda kuɗin sananne ne, babu fargabar kiredi ya ƙare a ɓoye. Manhajar hirarta ta BBM, mai lambar shaida ta haruffa da alƙaluma takwas, ta sauƙaƙa mana magana da abokan ciniki a Kano, inda wayar ta yi farin jini sosai, har farashin canjin naira da sefa yakan iso mana kafin a buɗe rumfa. Wurin sarrafa ta ɗan faifai ne mai gane motsin yatsa maimakon ƴar ƙwallon da ke kan tsofaffin BlackBerry, kuma a garin da ƙurar hunturu take shiga ko'ina wannan canji ya yi amfani. Raunin tsarin ya bayyana a watan Oktoba na 2011, lokacin da na'urorin kamfanin da ke Ingila suka samu matsala, masu BlackBerry a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka suka yi kwanaki ba saƙo, alhali rezon gida lafiyarsa ƙalau. Batirinta kuma, mai 1150 mAh, bai kai na E71 juriya ba.

Wayoyin da ake taɓa fuskarsu da ɗan tsinke, irin su Treo 650 ta 2004 da HTC TyTN ta 2006, sun iso nan a hannun ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ƴan kasuwar da ke zuwa Dubai. Sun fi kama da kwamfuta ta gaske, amma suna buƙatar hannu biyu, kuma mutumin da yake ƙirga buhuna ba ya da hannu biyu na ba waya.

Inda nake da ƙorafi na gaske a kan kamfanin layin shi ne wajen bayani. Kafin waya ta shiga intanet sai an saka mata saitin da ake kira APN, wanda yake nuna mata ƙofar shiga intanet ta kamfanin, kuma saƙon saitin da kamfanin yake turowa ba ya zama a kan kowace waya, musamman waɗanda aka sayo daga waje. A ofishinsu an sha ce mini in jira saƙo, a ƙarshe yaran da ke gyaran salula a kasuwa ne suka rubuta mini saitin da hannu, suka karɓi ɗan abin da ya sauƙaƙa. Na biyu, a lokacin wanda ba ya da forfe ana cire masa kuɗi ne bisa kowane kilobait, kuma da forfe ya ƙare, layin yakan koma cin kiredin kira ba tare da gargaɗin da mutum zai fahimta ba, domin saƙonnin duk da Faransanci suke zuwa, alhali yawancin masu biyan kuɗin Hausa suke ji. Na ga dattawan da suka daina amfani da intanet gaba ɗaya saboda wannan, suna cewa waya tana shan kuɗi da dare, kuma ba su yi ƙarya ba, manhajar imel ce take shiga da kanta lokaci zuwa lokaci, babu wanda ya nuna musu inda ake kashe ta. Na uku ya shafi masu zirga-zirga a bakin iyaka. A wajen Ɗan Barto ko kudancin Magarya waya takan kama rezon Najeriya da kanta, intanet ya koma farashin baƙo, mutum bai sani ba sai ya duba abin da ya rage masa. Maganin abin mai sauƙi ne, a saita wayar ta daina zaɓen rezo da kanta, amma wannan ma a bakin direbobi na ji shi, ba a bakin kamfani ba.

Da 3G ya iso gari, bambancin wayoyin biyu ya fito fili, domin E71 tana da shi tun daga masana'anta, tana iya kaiwa megabit 3.6 a daƙiƙa, ita kuwa Curve 8520 ta tsaya a harafin E. Sai dai ba a daɗe ba wayoyin Android masu araha suka cika kasuwa, shafukan intanet suka ƙara nauyi, manhajoji suka fara juya wa tsofaffin wayoyin baya. WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin Nokia masu tsarin Symbian irin E71 a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, sannan a ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa baki ɗaya. Saboda haka wanda aka yi wa tayin Curve 8520 a yau, komai arharta, kada ya saya da nufin intanet. E71 kuwa har yanzu tana da amfani a matsayin waya ta biyu domin kira, da gajeren saƙo, da rediyo, da ajiye lambobi da ɗan lissafi, musamman ga mai tafiya ƙauye inda caji yake wahala. Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin a duba ko batirin ya kumbura, a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a saka pus, wato katin layi, a yi kira a gaban mai sayarwa, sannan a tabbatar an haɗa da cajar mai siririn baki.