Ezekiyel 37 ko Daniyel 12: wanne ya fi dacewa da jana'iza?

A coci-cocin unguwannin Sabon Tasha da Narayi a Kaduna, idan aka yi rasuwa, fastoci da yawa sukan buɗe Ezekiyel 37. Ba abin mamaki ba ne. A wahayi, annabi Ezekiyel ya ga kwari cike da busassun ƙasusuwa, sai motsi, ƙashi ya nemi ɗan'uwansa, jijiya ta hau, nama ya rufe, numfashi ya shiga. Ko 'yan zumuntar mata da kuka ya ci ƙarfinsu sukan ɗago kai su saurara.

Amma aya ta 11 ta faɗi su wane ne ƙasusuwan: dukan jama'ar Isra'ila, waɗanda ke zaman bauta a Babila sun fid da rai. Alkawarin farko shi ne komawa ƙasarsu. Mu Kirista muna hango tashin matattu a ciki, kuma daidai ne, sai dai hange ne daga nesa. Wannan babi ya fi zama daram ga al'ummar da aka tarwatsa, irin ƙauyukan kudancin Kaduna da rikici ya raba da gonakinsu.

Daniyel 12:2 kuwa bai yi kwana-kwana ba. Masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya. Yesu ya maimaita wannan rabuwa a Yahaya 5:28-29.

A bakin kabari, inda gwauruwa ke tambayar ina mijinta, ni Daniyel zan karanta mata. Gargaɗin da ke cikinsa yana da nauyi, don haka mai wa'azi ya faɗe shi da taushin murya.